Baƙuwar Wada daga Safana

Rigimar da ta fi ƙona wa Wada Maiturare rai a duk zamansa na unguwar Jarwal ta Makka da tsohuwa ya yi ta, kuma a kan fitsarin kyanwa. Lokacin yana da 'yar rumfar turare a bakin lungu, dab da inda Ɗaso take suyar gyaɗa tana sayar wa alhazai. Ɗaso Basakkwaciya ce mai harshe kamar reza, tana da wata jar kyanwa mai ido ɗaya da take kira mussa, duk inda ta sa ƙafa tana biye da ita. Wata safiya Wada ya kwance buhun itacen turarensa, ya tura hanci, ya ɗago da ihu.

"Iya Ɗaso! Zo ki ga aikin 'yarki!"

"Mi ta yi maka, sarkin gaggawa?"

"Fitsari ta tsula min a buhun sandal! Tun jiya na ji wani bauri-bauri, na ɗauka hancina ne, har na sayar da rabi."

"Ka gan ta da idonka?"

"Hancina ya gan ta."

"To hancin naka shi zo shi rantse."

Kafin a ce haka lungu ya cika. Wada yana zagaya buhu yana ɗaga hannu sama, yana cewa yau sai an kai kyanwar nan bayan duwatsu, ko ita ko shi a Jarwal. Ana tsaka da haka sai ga wata Hajiya mai jiki tana ture mutane tana haki.

"Ina mai turaren jiya? Yauwa, kai ne. Ɗan nan, ƙaro min irin na jiyan, mai ƙarfin nan. Duk masaukinmu sai tambayata ake a ina na samo."

Ɗaso ta ajiye matsamin gyaɗarta a hankali, ta goge hannu da zani, ta dubi jama'a.

"Kun dai ji da kunnenku. Shekara nawa yaron ga yana haɗa turare, ba wanda ya taɓa dawowa biɗar ƙari sai da mussata ta sa mai hannu. Wada, in kana da kunya, kifi za ka saya mata."

Har masu wucewa da ba sa jin Hausa sai da suka dara. Wada ya ɗaure buhunsa, ya rantse shi da duk wani abu mai gashin baki da jela sun raba hanya har tashin duniya. Bai rufa wata ba ya tashi daga rumfar.

Kada dai a ɗora wa kyanwa alhakin tashin nan. Ko ba a taɓa masa buhu ba tashi zai yi. Wada mutum ne da aka halitta ba a haɗa masa da wurin zama ba. Dogo ne siriri, wuyansa yana gaba, ƙafafu suna ƙoƙarin kamo shi. In ya zo gaisuwa a tsaye yake shan shayi, kana cewa "ya iyali" yana amsa maka daga waje. Ya yi turin keken tsofaffi a wajen sa'ayi, ya bari don tsofaffin sun yi ƙorafin gudu. Ya yi aski, ya bari don kan mutum ba ya ƙarewa da wuri. Ya gasa tsire, wanda Larabawan nan suka karɓe suka mai da shi siriye, ya bari don nama yana son a tsaya a jira shi. Turaren ne kawai ya ɗan jima a hannunsa har sunan ya manne masa, shi ma don hayaƙi ne, tashi yake yi.

Matarsa Rumasa'u ta ce ba laifinsa ba ne, wanda aka haifa a hanya ai bai san an iso ba. Gaskiyarta kuwa. Mahaifinsa, wanda duk Jarwal ta sani da Malam Na-Safana, ya baro garin Safana na ƙasar Katsina da amaryarsa da niyyar Hajji, suka yi shekaru suna tafe suna tsayawa. A yi noma a Cadi, a tsinci auduga a Sudan, a ƙara gaba. A wani zango bayan Abashe, a gindin babbar mota da ta lalace, aka haifi Wada. Da ƙafarsa ya shigo Makka yana riƙe da gefen zanin uwarsa. Safana kuwa a bakin mahaifinsa kawai ya san ta: dajin Rugu da ke bayan gari, da kasuwa, da rijiyar da ruwanta ya fi na ko'ina daɗi in an cire Zamzam. Ya haddace garin lungu-lungu, yana ba da labarinsa kamar jiya ya baro, alhali ko a mafarki in ya je sai ya ɓata.

Malam Na-Safana bai koma ba, sai ya mai da gidansa Safana. Duk wanda ya iso daga can ko ƙauyukan kewaye, a zaurensa yake sauka, ba a tambayarsa yaushe zai tafi. Ta haka ma uwar Rumasa'u ta shigo gidan, mijinta ya rasu a hanya, ga tsohon ciki, ba ta san kowa ba sai sunan garin. A ɗakin baƙi na gidan aka haifi Rumasa'u, ta girma a tsakar gida ɗaya da Wada, tana kallon shigarsa da fitarsa har ta gaji ta aure shi ko zai zauna. Bai zauna ba. Ranar da tsohon zai cika, su biyun ya kira, ya kama hannuwansu ya ce, "Duk abin da ya fito daga Safana ya tsaya a ƙofar nan, a shimfiɗa masa tabarma." Da aka rushe layinsu na Jarwal suka koma Ka'akiyya inda haya take da sauƙi, sun bar kaya da yawa a baya, amma wasiyyar nan Rumasa'u ta ɗauko ta a ka. Ta fi Wada riƙe ta nesa ba kusa ba.

Da gwiwa ta fara ƙara, wani Balarabe da ya daɗe yana sayen turarensa ya ji tausayinsa ya ba shi gadin wani dogon bene a Aziziyya, irin waɗanda ake cusa wa alhazai wata guda, sauran shekara sai ƙura da tantabaru. Aikin haris, wato maigadi, ba wuya: ga kujera a bakin ƙofa, ka zauna. Kujerar nan har yau da ledarta. Wada ya mai da benen filin tsere, ya hau ya duba famfo, ya sauko ya duba ko ya rufe ƙofar da ya buɗe don ya duba famfon, ya sake hawa.

Wata ranar bayan la'asar sai ga Fahad, ɗan mai benen, saurayi mai son duk abin da abokansa ba su da shi. Ya fito daga mota da bandeji har gwiwar hannu, shi da direba suna rinjayar wani akwatin ƙarfe mai raga. Abin da ke ciki yana huci kamar an zuba ruwa a kasko.

"Ammi Wada, amana na kawo maka." Haka yake kiransa, wato baffa.

Wada ya leƙa, ya ja da baya da sauri. "Damisa ce?"

"Bissa ce kawai," in ji Fahad, wato kyanwa a Larabcinsu.

"Bissa ce ta yi maka wannan ɗinkin? Kai, ya waladi, ni da bissa mun yi rantsuwa. Mai da ita inda ka ɗauko."

Fahad ya marairaice. Ya ce daga waje ya sa aka kawo masa ita. Ubanta na daji ne zalla, uwarta kuma ruwa biyu ce, rabi daji rabi gida, don haka ita kashi uku na daji ne, ɗaya tak na gida, masu irin wannan jinin su ake rububi. Sai dai ta yaga kujerun falo, ta yi wanka a tukunyar miya, ta yi wa labulen ɗakin baƙi abin da mussar Ɗaso ta yi wa sandal. Mahaifiyarsa ta ce ko ita ko dabbar. Benen nan kuwa ba kowa, ga sama fili guda, a ajiye ta kafin ya san abin yi.

Suka hau da akwatin har saman bene, Wada yana mita a kowane hawa. Fahad ya zare sakata ya yi tsalle gefe. Ta fito. Ƙafafu dogaye kamar an ara mata na barewa, jiki ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon baƙi, ƙaramin kai, kunnuwa kuwa tsaye manya kamar ludaya biyu. Ba ta dubi kowa ba. Ta nufi bangon gabas, ta juyo ta nufi na yamma, ta juyo. Daga tsaye, ba ko ja da baya, ta daka tsalle ta dira a kan tankin ruwa.

"Wace irin bissa ce wannan?" in ji Wada.

"Safana."

Direban Fahad ya rantse daga baya cewa tun da yake zuwa benen nan, ran nan ne ya fara ganin Wada tsaye cak, ba abin da ke motsi a jikinsa.

"Ka ce me?"

"Safana, ya ammi. Asalinsu daga Afirka ne, can wajen ƙasashenku."

Shi ke nan, an gama da Wada. Shi Fahad sunan irin kyanwar yake faɗa, yadda masu kiwonsu suke kira. Wada kuwa muryar mahaifinsa ya ji tana ba da labarin wata kyanwar daji a Rugu, mai dogayen ƙafafu da kunnuwa kamar ludaya, wadda take kamo zabo a sama bayan ya tashi. Ga ta nan a kan tanki, a Aziziyya, tana kallon duwatsun Mina. Ya gyara hularsa, ya matsa, ya ɗan rusuna yadda ake yi wa baƙon da ya sha hanya.

"Sannu da zuwa. Sannu da hanya. Ya mutan gida? An samu ruwa bana?"

Ta kwantar da kunnuwa ta yi masa wani huci da ya tayar da tantabarun maƙwabta.

"Haka suke," ya ce wa Fahad, idonsa ya kawo ruwa. "Baba ya ce mutanenmu ba su da saurin sakin jiki."

Rantsuwar Jarwal kuwa ko kaffararta bai tsaya tambaya ba. In an tuna masa sai ya ce shi da kyanwa ya rantse, wannan 'yar gari ce.

Daga ran nan benen ya samu mahaukata biyu. Ita ba ta iya kwanciya irin ta kyanwar gida, wadda za ta naɗe a inuwa tun hantsi har la'asar. Safa da marwa take yi daga bango zuwa bango, a garin da Safa da Marwa na gaske suke, shi kuma yana gefenta hannu a baya yana ba ta labarin garinsu, yana tambayarta ko rijiyar nan tana nan. Ba ta cin abincin gwangwani, sai ɗanyen kaza har ƙashi. Ta koyi murɗa famfo da hannu ta tsaya a ƙarƙashi. Ta koyi buɗe ƙofa, ta bi shi hawa-hawa suna duba ɗakunan da ba kowa. Ba ta yarda a ɗauke ta, ba ta hawa cinya, shi ma ai ba shi da cinyar da za a hau tunda ba ya zama. Iyakar soyayyarta ta zo da gudu ta buga masa goshi a gwiwa ta wuce. Hannuwansa suka cika da karce, yana nuna wa mutane kamar lambar girma.

Sau ɗaya suka ɓata. Wata tantabara ta ratso ƙasa-ƙasa, Safana ta tashi sama kamar an harba ta, ta dawo da ita a baki. Wada ya ɗora hannu a ka. Tantabarar Harami! Tsuntsun da ko korarsa ba a so a yi! Ya bi ta da tsintsiya yana salati, ita tana zagaya tanki, yana roƙonta da Hausa yana zaginta da Larabci, har ya samu ya cusa mata cinyar kaza ta saki. Tantabarar ta tashi ba jela, tana tangaɗi kamar ta sha wani abu. Wada ya bi malamai uku yana tambaya ko akwai fansa a kansa, kowanne kafin ya gama jawo bayani Wada ya riga ya fita. A ƙarshe ya sayo raga ya rufe saman benen gaba ɗaya, ya zauna, a'a, ya tsaya, ya yi mata nasiha a kan alfarmar garin da ta zo.

Ana haka watan Zulƙida ya kama. Motoci suka fara sauke katifu, masu shara suka cika benen, aka ce alhazan wata ƙasa za su sauka har saman, inda za a kafa musu wurin girki. Fahad ya zo yana sosa ƙeya. Ya ce ya samu wani mutum a bayan gari mai kiwon irinsu, zai karɓe ta ta riƙa haihuwa. Wada ya ce ba a kai 'yar mutane gidan da ba a gani ba, sai ya je.

Da ma bai je ba. Wani dogon shago ne mai rufin kwano, kejuna jere a kan kejuna, zarni yana hawa kai. A ɗaya daga ciki akwai irinta sak, a kejin da bai fi kwalin firij ba. Ba wurin tafiya, sai ta tsaya tana kaɗa kai hagu da dama, hagu da dama, ta cinye gashin jelarta saura fata. Mai wurin yana murmushi yana cewa da sun saba shi ke nan, sai su natsu. Duk duniya ba wanda ya fi shi sanin abin da ake nufi da a natsar da mai rai. Ya fita waje ya zagaya motar Fahad ya sake zagayawa.

"Ba ni ita."

"Ka kai ta ina, ya ammi? In ka samu wuri taka ce, kalas, shi ke nan. In babu, kafin alhazai su sauka nan za ta zo."

Wuri ɗaya ne a duniya, kuma Rumasa'u ce a bakin ƙofarsa. Gidan nasu na Ka'akiyya ɗaki biyu ne da ɗakin baƙi da 'yar farfajiya mai dogon bango. 'Yarsu ɗaya, Basma, tana aure a Jidda. Rumasa'u tana tankaɗe a farfajiya ta ga an shigo da akwatin ƙarfe yana huci.

"Abu Basma, mene ne wannan?"

"Baƙuwa muka yi."

Ta leƙa ta saki rariya. "Innalillahi! Fitar min da ita! Kura ka kawo min gida?"

"Ummu Basma, daga Safana take."

"Daga ina?"

"Safana. Yaron da ya kawo ta da bakinsa ya faɗa, ban tambaye shi ba. Ki dubi kunnen, ba ita Baba yake faɗa ba, mai kama zabo?"

Rumasa'u ta sake leƙawa. Ita ma ta sha labarin mai kama zabo tun tana yarinya. Muryarta ta ɗan sauka. "Malam mutane yake nufi."

"Me ya ce? Faɗi yadda ya faɗa, hannunki yana cikin nasa."

Ta sunkuya ta ɗauki rariyarta.

"Duk wanda ya ce, ko duk abin da?"

"Duk abin da," ta ce da ƙyar, kamar ana zare mata haƙori. "Allah ya jiƙan Malam, bai san irin ɗan da ya bari ba." Ta shiga ɗaki ta fito da tabarma, ta shimfiɗa a farfajiya da hannunta, ta koma ta turo ƙofa ta sa sakata.

Kafin mako ya zagayo tabarmar ta zama zare. Baƙuwa ta sauke labule, ta buɗe firij ta yi wa kajin miya ta'aziyya, ta murɗa famfon banɗaki ruwa ya malale har ƙofar maƙwabta. Kyanwoyin unguwa suka yi hijira. In Rumasa'u ta tayar da sallah sai ta ji ana kallonta daga saman kwaba. Ba ta ce a fitar da ita ba, wasiyya ta ɗaure mata baki, amma tukwanen gidan sun ji a jikinsu. Wada kuwa yana tsakanin Aziziyya da Ka'akiyya kamar mazari, ya tarbi alhazai, ya ruga ya ga ko an ci wani, ya koma.

Sai ga Nu'uman ya dawo. Nu'uman ɗalibi ne mai karatun hadisi, haifaffen cikin garin Safana, wanda wasiyyar ta ba shi ɗakin baƙi tun zuwansa Makka. Ya je ganin gida ne ya dawo don yi wa alhazai tafinta. Yaro ne mai ladabi, ba ya haɗa ido da manya, aibinsa ɗaya: in ya ga kuskure sai ya ji kamar ƙaya a maƙogwaro. Da azahar ya ɗebi ruwa a roba zai yi alwala, ya juya ɗaukar asuwaki, ya dawo ya tarar da wata doguwar halitta ta tsoma hannu biyu a ciki tana sha. Ya yi baya har ya taka takalmin Wada.

"Baba, wannan fa?"

"Ba ka gane ta ba? 'Yar garinku ce."

"Garinmu?"

"Safana mana. Ku gaisa."

Nu'uman ya dubi ruwan, ya dubi dabbar. Abin da ya dame shi tun farko ba asali ba ne, alwala ce. Ya ce in kyanwar gida ce, ragowar ruwanta mai tsarki ne, ba magana. In kuwa naman daji ce mai farauta, malamai sun yi saɓani. To wannan wacce ce?

"Kashi uku daji, ɗaya gida," in ji Wada da alfahari.

"To ka yi alwala da kashi ɗayan," in ji Rumasa'u daga kicin.

Nu'uman ya zubar da ruwan ya ɗebi wani. Da aka idar da sallah ya zauna da wayarsa yana latsawa, yana kallon dabbar tana kai da kawo, yana komawa kan waya. Wada ya ga goshin yaron yana tattarewa, sai ya hau zagaya farfajiyar shi ma. Rumasa'u ta kawo abinci ta ajiye.

"Baba, Allah ya ba ka haƙuri, akwai 'yar magana."

"Ci abinci."

"Sunan nan ba Safana tamu ba ce. Kalmar Turawa ce, sabana, wai fili mai ciyawa. Larabawa ne suke faɗinta safana. Irin kyanwar ake kira haka, su Turawan ne suka haɗa na daji da na gida suka fitar da ita."

Rumasa'u da ta juya za ta tafi ta dawo da baya, ta ja kujera ta zauna. "Ci gaba, ɗan albarka. Ƙara masa nama, Abu Basma."

"Amma akwai irinta a Rugu," in ji Wada. "Baba ya gani."

"Na dajin, mai yiwuwa a da, Baba. Ni dai na tashi ban gani ba, kakana ne yake faɗa. Amma wannan, yadda ake kiwonsu, a keji aka haife ta a wata ƙasar Turawa. Uwarta ma a keji, uban ma ƙila haka. Daga keji sai jirgi sai nan. Wallahi ko ƙurar Safana ba ta taɓa shaƙa ba."

"Alhamdulillahi!" Rumasa'u ta tafa hannu. "Malam ya ce abin da ya fito daga Safana. Wannan daga kwali ta fito. Na yi mata tabarma, na yi mata kaji, na sauke nauyi. Abu Basma, kira yaron nan ya zo da akwatinsa tun alhazai ba su tare hanya ba."

"Ummu Basma, kin san inda za a kai ta? Kejin ko juyawa..."

"Ni ma nan keji nake tun da ta zo. A ɗaki nake tankaɗe!"

Nu'uman ya ga abin da bakinsa ya jawo, ya sunkuyar da kai yana cewa shi ba haka yake nufi ba, gyara kawai ya yi, amana ce ta ilimi. Rumasa'u ta ce ai gyaran ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Ta miƙo wa Wada wayarsa da hannunta.

Wada bai karɓa ba. Ya kai bango ya dawo, Safana tana gefensa, kafaɗarta tana gogar gwiwarsa, suka juya tare. Ya hango shagon kwanon nan da mai kaɗa kai hagu da dama. Ya sake kaiwa bango. Sai ya tsaya a gaban Nu'uman, ya tambaye shi a hankali, ya tabbata dai ba ta taɓa ganin garin ba, suna kawai ta ɗauko da labarin kakanni? Nu'uman ya ce haka ne, Baba. Wada ya juya ga Rumasa'u: wanda kuma bai taɓa ganin garin ba, ba shi da tabarma a gidan nan? Rumasa'u ta ce ai magana ta ƙare.

Ta ƙare kuwa, amma ba ta inda take zato ba. Abin da Wada ya faɗa ya sa Rumasa'u ta mai da wayar aljihunta, Nu'uman ya shaƙe da lomarsa, ba a sake tayar da zancen akwati a gidan ba. Safana tana nan Ka'akiyya, an rufe farfajiya da raga, an sa wa firij kwaɗo. A ranar dai, Wada takalminsa ya zura, ya ɗauko igiyar wuyan Safana, ya ce:

"To madalla. Ni a gindin mota aka haife ni, ke a ɗakin baƙi a Jarwal, ita a keji. Duk gidan nan Malam Nu'uman kaɗai ya taɓa ganin Safana. Ummu Basma, ɗauko abayarki, mu ukun mu fita mu bar wa ɗan gari gidansa."